Fitilar Basfar Malam

Daura,
Ranar Laraba, tsakiyar bazara.

Zuwa ga angona Mansur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zubaida da nauyin da take ɗauke da shi, Allah ya raba lafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ciwon gwiwa na tsufa. Ni ce Iya Zinariya, in ka manta. Kakanka marigayi Hussaini taubashina ne, saboda haka duk faɗin Kaduna ba ka da matar da ta riga ni, ko da yake rabona da in sa ka a ido tun bikinka.

Kada ka ce me ya hana in kira ka a waya. Ka san tun shekarar sanƙarau kunnena ya rufe, sai dai in karanta bakin mutum. Rubutun cikin waya kuwa kamar tururuwa yake, ba na ganinsa. Ni tsohuwar malamar firamare ce, takarda da biro na sani.

Kabo, direban motar hatsin da ya kawo maka wannan takarda, zai sauke maka Basfar Malam. Makon jiya Malam na dawowa daga gonarsa ta Sandamu bayan magariba ya faɗa wani rami da ruwan bara ya ci a gefen hanya. Allah ya taƙaita, ƙujewa ce a gwiwar hannu, sai hularsa da ba a gani ba har yau. Wai bai ga ramin ba sai da ya ji shi a ciki. To yaya zai gani? Ka dubi fitilar da idonka. Duk Basfar da na taɓa gani fitilarta a kai take, tsakanin hannuwa biyu, inda Allah ya sa wa kowa ido. Ta Malam kaɗai ce take can ƙasa a kan murfin tayar gaba, tana haska gaban ƙafarta kamar mai neman allura. Na yi masa tsiya a kanta shekara da shekaru, shi dai murmushi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Autarmu Fadila ta ji labari daga Abuja, ta aiko cewa in aka sake, ko tuntuɓe ne, za ta zo ta kwashe mu mu koma wurinta, a sayar da Basfa, a rufe gida. Mansur, gidanta can saman bene yake. A nan na san bakin kowa a unguwa, ko daga nesa mace ta motsa leɓe na san abin da ta ce. A can sai in zama kujerar falo. Malam kuwa, ranar da aka raba shi da gonar nan, ba na son in rubuta abin da nake tsoro.

Ya so a kai wa Sylvanus mai kayan babur na nan garin, ni na ce atafau, ina da miji bakanike a kasuwar Panteka. Da ƙyar ya yarda. Ya ce in gaya maka a sauya ƙwan fitila da waya kawai, kada a taɓa komai. Rowa ce irin tasa, kada ka kula shi. Ka yi abin da zai sa ya ga hanya, kuma ka dawo mana da ita kafin ruwa ya sauka.

Ga daddawa da kuka nan a ƙulle, na Zubaida ne, ba naka ba.

Taka,
Iya Zinariya.

*

Kaduna,
Ranar Asabar.

Zuwa ga uwargida ran gida, Iya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, daddawa ta iso, tsohuwa ma ta iso lafiya. Basfa nake nufi, kada ki harare ni. Muna lafiya. Zubaida na gaishe ki, ƙafafunta sun ɗan kumbura amma likita ya ce ba komai. A gaishe da abokin takarata Malam Kalilu, a yi masa jajen hula.

Iya, ranar da aka sauke Basfar nan aiki ya tsaya a layinmu. Dattawa suka kewaye ta, kowa na ba da labarin tasa da ya sayar. Bugu ɗaya na yi mata ta tashi. Injin nan zai binne mu duka.

Kin yi gaskiya a kan fitila, abin har ya fi yadda kika zata. Ba haka ta zo daga kamfani ba. A kanta, tsakanin hannuwa, akwai gurbin fitila na asali, wani ya yanko gwangwani ya rufe shi ya shafa fenti. Ya ja waya ta sauko ƙasa, ya ƙera wani ɗan ƙarfe ya ɗaure fitilar a kan murfin taya. Wanda ya yi aikin ya iya walda, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma bai san fitila ba. Fitilar da ke ƙasa hasken nan kusa kawai take bayarwa, kuma tana ja wa kowane ɗan dutse doguwar inuwa, sai rami da inuwa su zama abu ɗaya a idon mai tuƙi. Ko da na sa mata sabon ƙwai, ramin nan yana jiran Malam. Yadda ya yi shekarun nan bai karye ba, wallahi sai dai mu gode wa Allah.

Saboda haka na bi maganarki na bar tasa. Na mayar da fitila gurbinta na sama. Abokan aikina sun so in manna mata irin ta roba-roban zamanin nan, masu fitila a ƙirji da ido a tsuke kamar na mage, na ce ba da ni ba, ba a sa wa dattijuwa kayan 'yammata. Na samo zagayayya mai zoben ƙarfe mai ƙyalli, na sa mata farin ƙwai. Yanzu daga bakin shagona tana haska har ƙarshen layi, kuma duk inda ya juya hannu nan take dubawa. Ramukan kusoshin da ke murfin taya na cike su, na yi fenti ruwan ganye irin na da, ba mai cewa an taɓa huda wurin. Tsohuwar fitilar, gilashinta duk ya yi rawaya, na jefa ta cikin tarkace.

Kada wanda ya yi mini maganar ladan aiki. Kabo zai taso da ita ran Talata. Ki gaya wa Fadila ta kwantar da hankalinta, ba inda za ku je.

Angonki,
Mansur.

*

Daura,
Ranar Juma'a.

Angona na kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka ce wa Zubaida ta riƙa ɗora ƙafa a kan matashi, ta rage gishiri. Mu lafiya, hadari ya fara haɗuwa gabas amma har yanzu iska ce kawai.

Allah ya yi maka albarka! Amarya ta iso. Da Kabo ya sauke ta a ƙofar gida sai da maƙwabcinmu Ɗantsoho ya tambaya ko Malam sabuwa ya saya. Matarsa Hasana ta yi guɗa, na gani a bakinta. Ni kuwa baki har kunne, na zagaya ta na sake zagayawa. Yanzu ta zama mutum, ido a fuska.

Abokin takararka fa, ban san me ke damunsa ba. Ya tsaya ya dube ta ya daɗe. Sai ya tsuguna yana shafa murfin tayar nan, daidai inda tsohuwar take, kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Na taɓa shi na ce, "Ba ka gode ba?" Ya ɗago ya dube ni, ya ga ina dariya, sai ya ce, "Ta yi kyau. Allah ya yi wa yaro albarka." Ni na san kishi ne, an yi abin da ya kasa yi tun kafin a haife ka.

Wani abin dariya kuma, tun da aka ba shi fitilar da ke ganin har Kongolam ta bakin iyaka, sai ya daina kai wa duhu. Mutumin da ba ya baro gona sai ya sallaci magariba a Sandamu, yanzu ya zama kaza, tun da sauran rana ya shigo. Na ce masa, "An yi maka ido kuma ka ƙi dare?" Ya ce aikin ne ba yawa. Ya je shagon Sylvanus har sau biyu, ya tarar a rufe, ashe shi da matarsa Ugomma sun tafi garinsu jana'izar wansa. Na ce me za ka yi a can kuma, in ba nuna amarya ba?

Hasana ta ɗauki hotonta ta aika wa Fadila. Fadila ta ce to, za ta gani. Daga bakin Fadila wannan babbar nasara ce. Yau na yi barcin rana har da munshari, in ji Malam, ni dai ban ji ba.

Taka har kullum,
Iya.

*

Kaduna,
Ranar Litinin.

Iya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku da sauƙi. Zubaida tana asibiti, an ce ta kwanta sai ta haihu, shi ya sa ban taso da kaina ba.

Na aiko da takarda ta hannun Kabo tun farkon saukar ruwa, shiru. Na ce ko aikin gona ne. Jiya Anti Fadila ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce Baba Malam yana kwance an yi masa ɗori a ƙafa, ga zazzaɓi, kuma kin ce mata fitilar da na sa ce. Ta ce ƙarshen wata za ta zo ta tafi da ku. Kafin in yi tambaya ta kashe waya. Wayar Baba Malam kuwa ba ta shiga.

Tun jiya nake bin wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya a cikin kaina. Ɗaukewa ta yi yana tafiya? Ruwa ne ya shiga? Ko haskenta ne ya kashe wa mai mota ido ya ture shi? Na gwada ta kafin in ba Kabo, na rantse miki na gwada. In hannuna ne ya jawo, ki faɗa mini kai tsaye, zan iya ɗauka. Shirunki ne ba zan iya ɗauka ba. In kin yi fushi da ni ne, ki rubuto ko zagi ne.

Mansur.

*

Daura,
Ranar Alhamis.

Mansur ɗan albarka,

Wa alaikumus salam. Allah ya sauki Zubaida lafiya. Malam da sauƙi, zazzaɓin ya sauka, maɗori ya ce tsagewa ce ba karaya ba. Takardunka biyu duk sun zo, jinya ce ta hana ni zama, ba fushi ba. Wa zai yi fushi da kai? Fitilarka ba ta ɗauke ba, ba ta kashe wa kowa ido ba. Abin da na ce wa Fadila a ruɗe na faɗa, ita kuma ta ɗauka da zafinsa. Bari in ba ka labari yadda ya faru.

Ka san ba na jin shigowar mutum. Tun da aka taɓa shiga har tsakar gida aka kwance mana awaki ina zaune ina tankaɗe, in Malam ya fita nakan sa sakata ta ciki. An ba shi shawara ya riƙa kulle ni da kwaɗo ta waje, ya ce ba zai kulle mutum ba, in gobara ta tashi fa? In da rana ne, nakan leƙa ta tsagar ƙyaure in lokacin dawowarsa ya yi. In duhu ya shiga kuwa, sai in zauna a bakin ɗakina ina fuskantar zaure. Da ya iso ƙofar gida sai in ga wani jan haske, rawaya-rawaya, ya shigo ta ƙarƙashin ƙyaure ya kwanta a daɓen zaure har ya leƙo tsakar gida, yana rawa saboda kaɗawar inji. Sai in tashi in buɗe. Haka muke tun Fadila na goye. Ban taɓa ba wa kowa labari ba domin ban ɗauke shi labari ba. Na zaci kowane babur haka yake yi.

Ranar nan ruwa ya tare shi a Sandamu, bai taso ba sai bayan magariba, kuma ruwan ya sake kamawa a hanya. Na zauna a wurina ina kallon zaure. Duhu. Na yi ta kallo har idona ya fara ruwa. Na ce shi ke nan, ya sake faɗawa rami, yana can kwance ruwa na dukansa. Ashe yana bayan ƙyauren. Fitilarka tana dukan tsakiyar ƙofa, ko ɗigo ba ya shigowa. Ya yi ta bugu, ya yi ta danna hon, wa zai ji? Ruwa na zuba a kan kwano, maƙwabta ma ba su ji ba.

Can sai na ga wani siririn farin haske yana leƙowa ta ƙasa, yana yawo dama da hagu. Mansur, tocilan wayarsa ce, ya durƙusa cikin taɓo yana haska mini. Ni kuwa na ce ɓarawo ne yake duba ko akwai mutum. Na lallaɓa na ƙara danna sakata, na jawo turmi na tokare ƙofar. Da hannuna. Yana jin jan turmin daga waje.

Da ruwa ya kashe wayar, sai ya yi dabarar da ta kwantar da shi. Ya kama Basfar tana kunne, ya yi ƙoƙarin kwantar da ita a gefenta don fitilar ta sauko daidai ƙasan ƙofa. Tsoho da santsi. Ta fi ƙarfinsa ta danne masa ƙafa, inji ya mutu, fitila ta mutu. A haka Ɗantsoho ya same shi da ya fito sallar isha'i. Hasana ce ta sa tsani ta hauro katanga ta dafa ni ta baya, na kusa shiɗewa.

Ban san yadda zan gaya maka abin da na ji da na ɗauke turmin nan na gan shi ba. Jikinsa sharkaf, yana rawar ɗari, kuma abin da ya fara ce mini shi ne, "Kin kyauta da ba ki buɗe ba. Haka nake so ki riƙa yi."

Yanzu ga inda muke. Da ya fara samun sauƙi ya ce a mayar da fitila ƙasa. Na ce ba za a mayar ba, ko zan kwana a zaure ina leƙen tsaga. Na fi son ya ga rami. Ya ce shi kuma ba zai bar ni ina zama bakin ƙofa cikin sauro ba. Mun yi faɗan da ba mu yi irinsa ba tun muna da baƙin gashi. Fadila kuma ta ce ƙasa ko sama duk ɗaya ne, da ta ƙasa ya faɗa rami, da ta sama ya kwana a waje, mu haɗa kaya. Na fara naɗe tabarmi, sai in kwance in sake shimfiɗawa.

Fentinka ya ƙuje a gefe ɗaya, ka yi haƙuri.

Iya.

*

Kaduna,
Ranar Lahadi.

Iyata,

Assalamu alaikum. Albishirinki: Zubaida ta sauka ran Juma'a, namiji, ita da shi lafiya lau. A yi wa Baba Malam sannu, Allah ya ƙara sauƙi.

Na karanta takardarki a barandar asibiti, sai da na juya wa mutane baya. Da na natsu sai wata tambaya ta tsaya mini: wa ya sauke fitilar nan tun farko, kuma don me? Mai walda irin wannan ba ya aikin banza. Na nemi lambar Sylvanus a wurin wani ɗan garinsu da ke sayar da kaya a layinmu. Ya dawo Daura shekaranjiya.

Ina gaya masa ko ni wane ne ya ce, "Kai ne yaron da ya ɗaga fitila? Ɗana, ai ni na sauke ta!" Ya ce shekarar sanƙarau da aka sallamo ki daga asibiti, Basfar ko shekara ba ta yi ba, Malam ya zo shagonsa riƙe da wani guntun kara. Ya ce masa, "Sylvanus, ka sauko mini da fitilar nan, kada ta wuce tsawon karan nan." Ya auna ne daga titi zuwa dokin ƙofarku. Sylvanus ya ce, "Malam, sabon babur za ka ɓata? In na sa ta nan ba za ka ga nesa ba, wata rana za ka faɗi." Malam ya ce, "Hanya na san ta. Ita ce ba ta da yadda za ta san na iso." Ya ce ranar suka je gidanku tare da kafinta kina barci, aka ɗan rage ƙyauren ta ƙasa, suka yi ta gwadawa har haske ya kai bakin ɗakinki. Sannan Malam ya ce kada ya kuskura ya gaya miki, domin in kin sani ba za ki yarda ba. Sylvanus ya ce, "Ko Ugomma ban gaya wa ba, kuma ka san Ugomma. Amma yanzu ƙafa ta tsage, alkawari ya ƙare."

Iya, abin da na kira aikin wanda bai san fitila ba ke nan. Kuma Baba Malam ya aiko cewa kada a taɓa komai, ni da ke muka haɗu muka ce rowa ce.

Na bar asibiti na nufi shago a guje. An riga an kwashe tarkacen an ba 'yan gwangwan. Na bi su har inda suke tarawa, na shiga cikin tsibin ƙarafa da fararen kaya a jikina, suna ta yi mini dariya. Na same ta. Gilashin bai fashe ba, ɗan ƙarfen da Sylvanus ya ƙera yana nan manne da ita.

Ga ta nan a kwali a hannun Kabo, da sabuwar waya da ƙwai mai rawaya irin na da. Ba sai an zaɓa tsakanin ke da shi ba. Ta sama ta zauna inda take, ya ga hanya. Wannan ta koma kan murfin taya, injin zai ɗauki biyun, na lissafa. Sylvanus ya ce shi zai ɗaura, kuma kada in koya masa aikinsa. Za ta yi muni, ido ɗaya a goshi ɗaya a gwiwa, ba Basfar da ta taɓa fita haka. Ki yi ta yi mata tsiya.

Ban sani ba ko wannan zai ishi Anti Fadila. Na kira ta ba ta ɗauka ba. Amma ki roƙe ta abu ɗaya: kada ta ɗaure kaya sai ta zauna tare da ke a bakin ɗakinki bayan magariba.

Yaron an yi masa huɗuba da Kalilu. Na san ba za ki iya kiran sunan ba, sai ki nemo masa wani.

Angonki mai laifi,
Mansur.

*

Daura,
Ranar Talata, gero ya fara kai.

Angona,

Assalamu alaikum. Barka, barka, Allah ya raya Mai Basfa, sunansa ke nan a wurina. A gaishe da mai jego, ta sha kunun kanwa da kyau. Malam ya ajiye sanda, sai ɗan ɗingishi. Ni ma lafiya, ban da idona da ya yi kwana biyu a kumbure, kuma kai ka jawo.

Da na gama karanta takardarka na shiga ɗaki na same shi yana jan carbi. Na miƙa masa, na tsaya a kansa har ya karanta. Na ce, "Ashe haka ka yi?" Ya naɗe takardar a hankali ya ce, "Sylvanus ya tsufa, surutu ya yi masa yawa." Na ce, "Shekarun nan duk ina yi maka tsiya a gaban mutane, ba ka ce komai ba?" Ya ce, "To ai muninta gaskiya ne." Ka ji mutum. Na rasa ko in yi kuka ko in jefe shi da mafici, sai na yi duka biyun.

Sylvanus ya zo da kayan aikinsa, Ugomma na biye da shi tana yi masa faɗan ɓoye mata magana. Bai ko tambayi awo ba, ya laluba ƙarƙashin fentinka ya gano tsofaffin ramukan da yatsa.

Fadila ta iso da mota da manyan jakunkuna. Ba ta zo da wasa ba, kuma ban ga laifinta ba, tsoro ne irin na ɗa. Na ce mata na ji, zan bi ta, amma ta ba ni magariba ɗaya. Malam ya hau Basfa karo na farko tun ciwon, ya tafi masallacin Juma'a can cikin gari. Na sa sakata. Na shimfiɗa tabarma a bakin ɗaki na ce ta zauna. Ta zauna tana latsa waya, fuska a ɗaure.

Duhu ya shiga. Can sai ga shi, ja-ja, yana rawa, ya kwanto ta ƙarƙashin ƙyaure ya ratsa zaure ya zo har gefen tabarmarmu. Na dafa gwiwa zan tashi, sai Fadila ta riƙe mini zane. Na juyo. Ta haska fuskarta da waya don in ga bakinta, ta ce, "Iya, wannan kike gani? Duk yarintata na ɗauka ƙarar Basfar Baba ce kaɗai kunnenki yake ji. Har a makaranta na faɗa." Sai hawaye.

Ba ta sauko gaba ɗaya ba, ka san ta. Ta kafa sharuɗɗa: a fasa ƙaramar ƙofa tsakaninmu da gidan Hasana, kuma in hadari ya haɗu Malam ya kwana a Sandamu. Ta sa Ɗantsoho ya hau Basfar da ita a baya suka je har wurin ramin nan, ta ga fitilarka ta nuna shi tun daga nesa. Ta ce in ce maka ta gode, kuma za ta kira ka ta ba ka haƙuri. Jiya ta koma Abuja. Jakunkunan da ta zo da su na cika mata da gero da kuɓewa busasshiya.

Na bar maka wani abu a baya. A daren nan, da Fadila ta sake mini zane, ban tafi na buɗe nan da nan ba. Na shiga zaure na tsaya, hasken na kan ƙafafuna. Tun ina da ƙuruciya nake ganinsa, ban taɓa tsayawa na dube shi ba, kullum sauri nake in zare sakata in koma kan tukunya. Na san yana waje a kan ƙafa mai ciwo, amma na bar shi ya ɗan jira. Da na buɗe ya ce, "Lafiya? Ko bai shigo ba ne?" Na ce, "Ya shigo, Malam. Tun tuni yake shigowa."

Basfar kuwa ta yi muni ƙwarai, yara har bin ta suke yi. Duk wanda ya sake taɓa ta, ko kai ne, sai na saɓa masa.

In an yi arba'in ka kawo mini Zubaida da Mai Basfa. Ku iso da rana, don ba zan buɗe wa fitilar kowa ba.

Taka,
Iya Zinariya.